FileZilla ya shiga saba amma fayiloli sun ƙi fitowa, ga inda gizo ke saƙa

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau FTP za mu taɓa, wato hanyar tura fayiloli tsakanin kwamfutarka da saba. Ka ɗora vsftpd, manhajar da ke gudanar da FTP, a sabarka ta Ubuntu, ka buɗe FileZilla, manhajar da kake shiga sabar da ita, ka sa suna da fasawod, ya karɓa lafiya lau, sai kawai ya tsaya cak, can bayan daƙiƙa 20 ya watso maka jan rubutu wai Failed to retrieve directory listing. Wallahi wannan abin ya taɓa cinye min dare guda, na canza fasawod ya fi sau biyar, na goge vsftpd na sake ɗorawa, ashe duk ba nan take ba.

Fara tabbatar da cewa abin yana raye tukuna, buga systemctl status vsftpd, in ka ga active da koren rubutu to mu wuce.

FTP tsoho ne fa, ƙa'idar da ake aiki da ita har yau tun 1985 aka rubuta ta, kuma shi ƙofa biyu, wato port, yake amfani da su ba ɗaya ba. Ƙofa ta 21 kamar zaure ce, nan ake sallama, nan ake tambayar waye kai. Amma kaya ba ta zaure suke wucewa ba, hatta jerin sunayen fayilolin nan da kake jira ta wata ƙofar daban suke zuwa. To kai ka buɗe 21 a fayawol, wato mai gadin ƙofofin saba, ka ce shikenan, shi ya sa aka amsa maka sallama amma aka bar ka tsaye.

Ku dubi layin nan a cikin saƙonnin da FileZilla ke nunawa, 227 Entering Passive Mode, sai lambobi shida. Huɗun farko adireshin sabar ne, biyun ƙarshe su ne ƙofar kayan. Nan an rubuta 156 da 64, ka ninka 156 sau 256 ka ƙara 64, ya ba ka 40000. Wato saba tana cewa zo ka same ni a ƙofa ta 40000, fayawol kuma ya ce bai san zancen ba.

Maganin, buɗe /etc/vsftpd.conf ka sa pasv_enable=YES, sai pasv_min_port=40000 da pasv_max_port=40100, don in ba ka ƙayyade mata ba duk ƙofar da ta ga dama za ta zaɓa. Sai ka buɗe waɗannan ƙofofin a fayawol ɗin Ubuntu da ufw allow 40000:40100/tcp. In a AWS, wato sabobin haya na Amazon, sabar take kar ka manta akwai wani fayawol ɗin a waje, security group, can ma sai ka buɗe, mutane da yawa a nan suke maƙalewa.

Sannan sake duba huɗun farkon nan, in ka ga sun fara da 10 ko 192,168 to adireshin cikin gida take ba mutanen waje, ba wanda zai same ta da shi. Sa pasv_address da ainihin IP ɗinka na waje, kuma ka mai da listen=YES, listen_ipv6=NO, in ba haka ba sifili huɗu za ta dinga turowa. Sai systemctl restart vsftpd.

Sauran kurakuran ba su da wani wahala, 550 wajen ɗora fayil galibi write_enable=YES ne ba ka cire masa alamar # ba, shi kuma 500 OOPS mai maganar writable root inside chroot, cire izinin rubutu a babban foldan mai amfanin, sai ka yi masa wani foldan a ciki.

Ni dai a nawa aikin yanzu SFTP nake bi, wato hanyar tura fayil mai ɓoye bayanai, ƙofa ɗaya ce tal ta 22 kuma fasawod ba ya tafiya tsirara kamar a FTP, sai dai in kwastoma ya nace ko wata tsohuwar na'ura ce da ba ta jin komai sai FTP.

To bari mu sake danna maɓallin Quickconnect a FileZilla mu gani. Yauwa, ga foldoji nan sun fito.