Bokitin baya da ruwan taya: lacca ga masu ƙananan taraktoci

Assalamu alaikum. Iyayena, yayyena da ƙannena direbobi, sannunku da zuwa. Na baya, kuna jina? To madalla.

Tambaya biyu aka turo mini, ni kuwa a wurina tambaya ɗaya ce: wane bokitin kwasar ƙasa za a ɗaura a bayan ƙaramar tarakta, kuma me za a ɗura wa taya don ta yi nauyi?

Mu fara da bokiti. Duk wanda ya leƙa bayan tarakta ya ga hannuwa uku, biyu a ƙasa ɗaya a sama. Harry Ferguson, mutumin Arewacin Ayalan, shi ya fito da wannan dabara, kuma ta bazu ne da taraktar Ford 9N a 1939. Yawancin ƙananan taraktoci, masu ƙarfin doki 20 zuwa 45, hannuwansu na rukuni na 1 ne: ƙusoshin ƙasa milimita 22, na sama milimita 19. Kafin ka biya kuɗi, auna. Na taɓa ganin wanda ya ɗauko bokiti daga nesa, ya iso gona ƙusa ta ƙi shiga, ƙarshenta sai wajen mai walda.

Bokitin yakan zo da faɗin inci 24 ko 30. Nemi wanda ake juyawa, ya ɗebi ƙasa kana tafiya gaba, ko ka juya bakinsa ka soka shi cikin tulin taki da ribas. Duba sakatar zubarwa da igiyarta, ka ja daga kan kujera ka ga ko tana saki. Kada girma ya ruɗe ka. Ƙasar fadama mai danshi cikin jarkar lita 25 kaɗai ta kai kilo 40, to ina ga bokiti cike fal, yana reto can bayan taya?

Nan ne gizo ke saƙa, ku ba ni hankalinku.

Da yawa suna zaton in sun cika tayoyin baya da ruwa, shi ke nan gaban tarakta ba zai ɗaga ba. Ba haka ba ne. Tarakta kamar sikeli take, gindin sikelin kuwa shi ne sandar tayoyin baya. Bokiti yana danna baya, gaba yana yin sama. Ruwan da ka ɗura yana zaune ne daidai kan gindin sikelin, bai rinjayar da kowane ɓangare. Amfaninsa daban: taya ta kama ƙasa ta daina sulɓi, nauyi ya sauko ƙasa-ƙasa, tarakta ta rage barazanar kifewa a gangare. Amma in ka ji sitiyari ya yi sakayau a hannunka, kana murzawa tana tafiya sambal abinta, to gaba ne ke neman nauyi. Maganinsa ƙarafan nan da ake ratayawa a goshin tarakta. A ƙa'ida, aƙalla kashi 20 cikin 100 na nauyi ya zauna kan tayoyin gaba. Kuma don Allah, kada a ɗora yaro a kan bonet wai ya danne. Na gani da idona, har yau in na tuna gabana faɗuwa yake.

Sai abin ɗurawa. A Amurka da Kanada sanyi na daskarar da ruwa, shi ya sa suke haɗa shi da gishirin kalsiyam kulorayid, wanda ke ƙara nauyi amma yana cin rim da tsatsa, ko su zuba ruwan wani gwoza da ake sukari da shi. Mu da hunturunmu bai daskarar da randa, me ya kai mu? Ruwa zalla ya wadatar, lita ɗaya kilo ɗaya. Taya mai lamba 11.2-24 tana shan kusan lita 90, biyu ke nan kilo 180 a kyauta. Sa tib a ciki don ruwa kada ya taɓa ƙarfe. Ruwan lagireto mai hana daskarewa kuwa guba ne, ga shi da zaƙi, in taya ta fashe a gona awaki za su lasa.

Yadda ake yi: ɗaga tayar da jak, juya ta bawul ya dawo sama, cire ƙwayarsa, ka ɗura kana barin iska tana fita. In ruwa ya iso bakin bawul, ka tsaya. Kashi 75 cikin 100 ke nan. Ragowar iska ce, ita ke shanye gargada. In ka cika maƙil, taya ta zama dutse.

Baba, na ga hannunka. Eh, ya ce in ta yi faci fa? To Baba, sai haƙuri, tayar da aka ɗura ba ta mutum ɗaya ba ce, in ta faɗo wa ƙafa karaya ce. Kira falkaneza ya same ka a gona, a zubar da ruwan tukuna, sannan a kwance noti.