Mai Sanɗa a Kogon Deadmines: Inda Za Ka Tsaya da Lokacin da Za Ka Sara

Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da war haka. Daga Gombe nake magana. Abin da kuke gani a allo ƙofar Deadmines ce, kogon da ke ƙarƙashin ƙauyen Moonbrook a yankin Westfall, cikin wasan kwamfuta na World of Warcraft. Kamfanin Blizzard ya fitar da wasan a 2004, ya kuma dawo da tsohon tsarinsa da sunan Classic a watan Agustan 2019. A kan Classic ɗin zan yi bayani, domin a sabon wasan an sauya abubuwa da yawa.

Wannan mai rigar fatar da ke tsaye a gefe shi ne Rogue. Mu a nan mai sanɗa muke ce masa. Yana ɓacewa daga ido, ya lallaɓa ta baya, ya yi sara mai zafi. Amma fata ce a jikinsa, ba sulke ba, kuma ba shi da addu'ar warkar da kansa. Idan 'yan Defias uku, wato ɓarayin da suka mamaye kogon, suka yi masa taron dangi, kafin mai magani ya waiwayo an gama da shi.

Mutum biyar ke shiga kogo. Ɗaya tanki ne, shi ke tare duka. Ɗaya mai magani. Sauran ukun masu ɓarna ne, kuma kai kana cikinsu. Abin da na ga yana kashe sababbin masu sanɗa shi ne zumuɗi: mutum ya ji an ce aikinsa ɓarna, sai ya riga tanki kai hannu.

Ku duba abin da ke faruwa a ɓoye. Kowane abokin gaba yana riƙe da lissafin wanda ya fi ba shi haushi, kuma kowane sara da ka yi yana ƙara maka a wannan lissafi. Muddin tanki ne a sama, shi za a ci gaba da duka. Amma kai da kake tsaye dab da abokin gaba, da zarar haushinka ya wuce na tanki da kashi 10 cikin 100, zai juyo kanka. Masu harbi daga nesa an ɗaga musu ƙafa har kashi 30. Ke nan igiyarka ta fi ta kowa gajarta. Ka bar tanki ya kai sara biyu ko uku tukuna. Idan kuma ka ga kana neman wuce shi, akwai Feint da ake koya a mataki na 16, wanda ba ya yi wa kowa rauni, haushi kawai yake ragewa. Mutane da yawa ba sa ma ɗora shi a kan maɓalli, kuma wannan kuskure ne babba.

Sai wurin tsayuwa. A baya, kullum a baya. Abokin gaba ba ya iya kare saran da ya zo masa ta baya da makami ko da garkuwa. Kuma ga abin da ba kowa ya sani ba: idan ka tsaya a gabansa ya kare saranka da makaminsa, dukansa na gaba yana saurin fita, kuma a kan tanki zai sauka. Wato tsayuwarka a gaba wahala ce ga tanki, wahala ce ga mai magani.

Yanzu ku kalli wannan layi mai ruwan ɗorawa a ƙarƙashin sunana. Kuzari ne. Ɗari ne cif, kuma yana dawowa 20 a duk daƙiƙa 2. Saran Sinister Strike yana cin 45, ko 40 in ka zuba masa makin ƙwarewa da ake samu idan ka ƙara mataki. Backstab yana cin 60, kuma sai da wuƙa a babban hannu, sai kuma kana bayan mutum. Kowannensu yana ba ka ɗigo ɗaya, har zuwa biyar, sannan ka kashe ɗigon a kan bugun ƙarshe. Eviscerate ne ke da daɗin kallo, lamba ta fito ƙatuwa. Amma a kan babban abokin gaba da zai daɗe bai faɗi ba, fara da Slice and Dice, wanda ke ƙara saurin hannayenka biyu, domin kaso mai yawa na ɓarnar mai sanɗa daga saran yau da kullum yake fitowa, wanda ba ka danna masa komai ba. A Classic ɗigon yana manne da wanda kake sara, in ka koma kan wani ka fara tara sabo, na farkon sun tafi. Kada ka tara biyar a kan wanda numfashi ɗaya ya rage masa.

Takobi ko wuƙa? Ra'ayina a nan ya samo asali ne daga inda muke zaune. Mu a kan sabar Turai muke wasa, kuma kowa ya san yadda netwok yake yi da yamma idan unguwa ta cika. Kai a allonka kana bayan mutum, a wajen sabar kuwa ya riga ya juya. Ka danna Backstab, a rubuto maka cewa sai kana bayansa, daƙiƙa ta wuce a banza. Takobi mai nauyi da Sinister Strike ba ruwansa da wannan. Ina son wuƙa ƙwarai, amma ga wanda ke wasa da datar waya a Tumfure ko Pantami, takobi nake ba shi shawara.

To, mu zo ga abin da ya sa ake neman mai sanɗa a ƙungiya tun farko.

Ga mutum huɗu can a lungu. Tanki ya sa wa ɗaya alamar tauraro, wadda yawanci ita ake ware wa Sap. Na shiga sanɗa. Ku lura tafiyata ta ragu sosai, kuma ba ta gabansu nake bi ba, ina zagayawa ne ta jikin bango, saboda sun fi hango ka ta gaba, kuma wanda ya fi ka mataki ya fi saurin gano ka. Na iso bayansa. Sap. Ya sume na daƙiƙa 25, faɗan mutum huɗu ya koma na uku. Sharuɗɗansa dai a kiyaye: a kan masu siffar mutane kawai yake aiki, sai wanda bai shiga faɗa ba, kuma ko ƙwarzane aka yi masa zai farka. Sannan a Classic, in ba ka zuba maki a Improved Sap ba, kana buga shi kana bayyana. Saboda haka kada ka taɓa tafiya sai tanki ya ce ya shirya, kuma kana bugawa ka nufo wajensa da gudu.

Sai Kick. Wannan shi ne ma'aunin da nake gane ƙwararre da shi. Kuzari 25 yake ci, yana dawowa bayan daƙiƙa 10, yana katse tsafin da ake haɗawa, ya kuma rufe wa mai tsafin wannan fannin na daƙiƙa 5. Matsafan Defias suna jifa da wuta mai cin jini sosai. Idan ka ƙarar da kuzarinka kaf a kan sara, lokacin da hannun matsafi ya fara haske ba ka da abin katse shi. In akwai matsafi a gabanka, ajiye 25 a aljihu. Kuma da irin netwok ɗinmu, kada ka jira ƙarshen haɗawar, danna da wuri.

Bari in ba ku abin da ya faru da mu wani dare bayan Isha'i, ni da ƙanina muna zaune a tabarma ɗaya a Jekadafari, kwamfutoci biyu a kan benci, fanka tana juyawa da ƙyar. Shi ne mai sanɗa, ni ina magani. Wani mahaƙi ɗan Defias jininsa ya kusa ƙarewa, ya juya ya ruga cikin rami. Ƙanina ya ce, "Yaya, bar shi, ya riga ya mutu." Bai mutu ba. Ya dawo da 'yan'uwansa cike da hanya, kuma ni nawa ƙarfin maganin ya riga ya yi ƙasa. Dukanmu biyar muka kwanta. Ban ga laifinsa ba, don ba wanda ya taɓa gaya masa cewa mai gudu nasa ne. Kana da Sprint, mai ƙara maka gudu, na bin sa. Daga mataki na 20, bayan ka yi aikin samun guba, kana da Crippling Poison da za ka shafa a makami ya riƙe masa ƙafa. Tun daga ranar, idon ƙanina ba ya barin wanda jininsa ya yi ƙasa.

Idan abu ya ɓaci aka juyo kanka, kada ka ruga nesa, tanki ba zai iya kamo abin da ke bin ka ba. Danna Evasion, wanda ke ƙara maka kaucewa da kashi 50 na daƙiƙa 15, ka daina sara, ka tsaya kusa da tanki. A mataki na 22 za ka sami Vanish, ka ɓace gaba ɗaya, amma yana cin wata hoda mai suna Flash Powder, don haka duba jakarka tun kana gari.

Wani abu na gefe: kogon nan yakan ci awa ɗaya ko fiye. Kada ka fara dab da Magariba, kuma in ka san batirinka ba zai kai ba idan aka ɗauke wuta, gaya wa mutane tun a ƙofa. Haƙƙin mutum huɗu ne a wuyanka.

Ga mu a bakin jirgin ruwa. Mr. Smite, ɗaya daga cikin manyan abokan gaba na kogon, yana da masu gadi biyu a ɓoye, masu sanɗa irinka, kuma sau biyu yake sumar da kowa ya je akwatinsa ya sauya makami. Kashe masu gadin tukuna. Haka ma a saman jirgi wajen Edwin VanCleef, shugaban Defias: biyu suna ɓoye a gefensa, in jininsa ya kai rabi ya kira wasu. Ku kalle ni nan, ban taɓa shi ba sai da tanki ya riƙe shi da kyau. Na zagaya baya, ɗigo biyu, Slice and Dice, sannan na sake tarawa. Masu gadi sun fito, ɗaya ya nufi mai magani, na bar VanCleef na tare shi, ya juyo ya fuskance ni, na buga masa Gouge ya tsaya cak har tanki ya iso.

Ya faɗi. Ga Cruel Barb ta fito, takobin da kowane mai sanɗa a wannan mataki yake fata. Jarumin da ya yi mana tanki shi ma yana iya riƙe ta, don haka na rubuta masa tambaya kafin in danna komai. Ya ce in ɗauka.