Makahon Bamako Da Jitarsa

Hadiza: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Ina tare da Malam Sani da ƙanina Bashir. Yau Mali muka nufa, wajen marigayi Amadou Bagayoko, wanda ya rasu a Bamako ranar 4 ga Afrilu, 2025, yana da shekara 70.

Bashir: Allah ya jiƙansa. Ni fa Yaya Hadiza, abin da ke ɗaure mini kai, mutum ba ya gani amma ya zagaye duniya da waƙa. Ikon Allah.

Malam Sani: Ikon Allah kam, babu ja. Amma Bashir, in aka tsaya a nan an ci masa haƙƙi, don mutumin nan wahalar sana'a ya sha kamar kowa. An haife shi a 1954, yanar ido ta rufe masa gani yana matashi. Daga 1974 yana kaɗa jita a ƙungiyar Les Ambassadeurs, inda shahararren mawaƙin Mali Salif Keita yake rera waƙa. Ƙungiyar otal ce fa. Baƙo ya ce kiɗan Kuba yake so, a yi masa. Wani ya ce na gargajiya, a yi masa.

Hadiza: Babu takarda a gabansa kuma.

Malam Sani: Ina! Da kunne yake ɗauka, ya riƙe a ka. Kusan shekara 6 yana wannan aikin. A nan hannunsa ya faɗa.

Bashir: To matarsa Mariam fa, wadda suke waƙa tare, Malam?

Hadiza: Bari in amsa wannan, don ita ce tawa. Mariam Doumbia ƙyanda ce ta makantar da ita tana shekara 5. A makarantar makafi ta Bamako suka haɗu, suna cikin ƙungiyar kiɗan makarantar, aka ɗaura aure a 1980. Abin da ya fi burge ni shi ne 1986, da suka tattara suka koma Abijan, saboda can ne ake da wuraren ɗaukar waƙa na kirki. Miji makaho, mata makauniya, ga baƙunta.

Malam Sani: Kuma wanda ya buga musu kaset-kaset na farko a can, Maikano sunansa.

Bashir: Maikano? Kai, wannan suna ai na gida ne!

Malam Sani: Ka ji dai. Kaset ɗin babu tarkacen kayan kiɗa, jita ɗaya ce da murya biyu, galibi da Bambaranci, waƙoƙin da suka tsara da kansu. Su suka kai sunansu kasuwanni da tashoshin mota. Duniya ba ta san su sosai ba sai 2004, da mawaƙin Faransa Manu Chao ya yi musu aikin faifan Dimanche à Bamako. Lissafa mana, Bashir.

Bashir: Shekara 50 ke nan Amadou yake da ita. Tabɗi! Mu kuwa wata uku da sa waƙa a YouTube mun fara ƙorafi.

Hadiza: Ni labarin nan tashar garinmu yake tuna mini. Ina yarinya akwai wani makaho, yaro na riƙe masa sanda, yana rera Imfiraji ta Aliyu Namangi na Zariya, wanda shi ma makaho ne. Wallahi muryarsa sai ta sa fasinja su yi tsit. Sai a jefa masa kwabo a kwano, mota ta tashi. Ban taɓa jin wani ya tambayi sunansa ba, ni ma ban tambaya ba.

Malam Sani: Sadaka aka ba shi, Hajiya. Shi kuwa Amadou tikiti ake saya. A 2011 ma a Mancesta suka yi wasa aka kashe fitilu gaba ɗaya, jama'a suka zauna cikin duhu suna sauraro.

Bashir: A biya kuɗi a zauna a duhu? Mu da kullum kyauta ake ba mu!

Hadiza: Bashir ke nan. Malam, wasan su Amadou na rufe gasar wasannin nakasassu ta duniya a Faris, 2024 ne ko?

Malam Sani: Watan Satumba. Wata 7 bayan nan Allah ya karɓi abinsa.