Jawabin Maraba Ga Mai Girma Gwamnan Jihar Arewa Ta Kamaru, Daga Bakin Hausawa Da 'Yan Kasuwar Garinmu

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Mai girma Gwamna, ranka ya daɗe. Mai martaba Lamiɗo, Allah ya ja zamaninka. Mai girma Firefe da Sufirefe, wakilan gwamnati a yankinmu, Magajin Gari da kansilolinsa, Sarkin Hausawa wanda ya ɗora mini wannan nauyi, limamai da fastoci, iyayenmu mata, matasa, jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum.

Ranka ya daɗe, barka da zuwa, barka da hanya. Ka baro Garwa da sassafe, ka sha ƙurar hunturu, ga shi ka zauna a tsakiyarmu. Hausawa na cewa baƙonka Annabinka, to yau garin nan kaf ya yi baƙo: Bafulatani da Bahaushe, Bafali da Bagiziga da Balaraben Shuwa, kowa ya rufe rumfarsa ya zo. Allah ya saka da alheri.

A al'adarmu ba a tambayar baƙo labari sai an ba shi ruwa. An kuwa ba ka, ka sha, mun gani. Abin da ba a gaya maka ba shi ne daga ina ruwan ya fito. Sayo shi aka yi da asuba a hannun 'yan ga-ruwa, aka tafasa, aka tace, aka sanyaya a randa. Na fara da wannan ne domin duk abin da dattawa suka aiko ni in faɗa yau, a kan ruwan nan yake.

Bari in ɗan koma baya. A ranar 6 ga Maris 2020 aka sanar da mutum na farko mai korona a Kamaru, a Yawunde. Ranar 17 ga watan gwamnati ta fitar da matakanta: a rufe iyakoki, a rufe makarantu, kada taro ya wuce mutum 50. Mu nan cutar ba ta kwantar da mu kamar yadda ta kwantar da Duwala ba, alhamdulillahi, amma ta kwantar da kasuwa. Dama tun Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakarta ta ƙasa, masu zuwa Mubi da Yola sarin kaya suna cikin kuka, sai ga wannan a kai. A 2020 ɗin ko aikin hajji ba wanda ya je daga nan. Akwai tsofaffin da suka tara kuɗin kujera shekara da shekaru, suka rasu ba su je ba. Allah ya jiƙansu.

Gwamnati ba ta zauna ba, kuma ba za mu ci amanar gaskiya mu ce ta zauna ba. An buɗe asusu na musamman na yaƙi da cutar, wanda aka yi wa kasafin sefa biliyan 180. Shugaban ƙasa Paul Biya ya aika da kyautar bokitai da sabulu da takunkumi zuwa ƙananan hukumomi 360 na ƙasar nan, namu rabon ya iso, ni da kaina ina wajen da aka sauke shi. A ƙarshen Afrilun 2020 kuma aka ɗauke wa 'yan moto, wato masu haya da babur, da mata masu sayar da kayan miya harajin wata uku, har da kuɗin rumfa. Talaka ya ji daɗin wannan. Sai dai aljihun ƙaramar hukuma ne ya ji a jikinsa, domin da irin waɗannan 'yan kuɗin take biyan masu shara. Zan dawo kan masu shara.

Abin da ya biyo baya a sama, duk mai rediyo ya ji. Sashen binciken kuɗi na Kotun Ƙoli ya duba yadda aka kashe kuɗin korona, rahotonsa ya tayar da ƙura a 2021, har 'yan jarida suka raɗa wa lamarin suna. Wannan maganar manya ce, ba ita ta tara mu ba. Amma ta bar mana tabo ɗaya: yau in ka ce wa mutumin kasuwa "kuɗin korona", sai ya yi murmushi ya juya kai.

To, ranka ya daɗe, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A garin nan akwai ragowar kuɗin korona da ba a kashe ba. Kashi biyu ne. Akwai wanda majalisar gari ta ware a kasafinta don cutar, cutar ta lafa kafin a taɓa shi duka, yana ta bin kasafi daga shekara zuwa shekara kamar bashin da ba mai tambaya. Akwai kuma sauran tallafin da wasu abokan hulɗa na waje suka bayar don faɗakarwa da kayan wanke hannu. A ranar 5 ga Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce korona ta daina zama abin gaggawa na duniya. Wato dalilin da aka ajiye kuɗin don shi ya wuce, kuɗin kuwa yana nan.

Ba mu kaɗai ke da irin wannan ba. Wani ɗanmu da ke karatu a Amurka ya ba mu labari cewa a can gwamnatinsu ta ware wa jihohi da garuruwa dala biliyan 350 a 2021, ta kuma gindaya musu wa'adi: su ƙulla abin da za su yi da kuɗin kafin ƙarshen 2024, su gama kashewa kafin ƙarshen 2026, in ba haka ba su mayar. Cikin abin da aka yarje musu su yi da shi har da aikin ruwan sha. Namu bai kai ƙurar nasu ba, amma tambayar ɗaya ce.

A majalisun shayi na garin nan an kasu. Wasu sun ce a gyara zauren majalisa a sayi mota, domin gari ya yi kwarjini in baƙo irinka ya zo. Wannan ba zan ɓata maka lokaci a kai ba. Ka zo yau, ka zauna a ƙarƙashin rumfar zana, ba mu ga kwarjininka ya ragu ba.

Wasu sun ce a biya ma'aikatan ƙaramar hukuma bashin albashinsu. Wannan maganar tana da nauyi, kuma ta hana ni barci. Na san tsohon da ke share layinmu tun ina saurayi. Yana zuwa da tsintsiyar kwakwa kafin a kira assalatu, a watannin da ba a biya shi ba ma bai fasa ba, sai dai ya tsaya bakin rumfata ya ce, "Alhaji, a taimaka da na goro." Wa zai kalli wannan bawan Allah ya ce haƙƙinsa ya jira? Amma da muka zauna da dattawa sai muka ga bashinsa bashi ne a wuyan hukuma, daga harajin da muke biya kowace ranar kasuwa ya kamata ya fita, kuma mu 'yan kasuwa a shirye muke mu zauna da ma'ajin gari a duba inda kuɗin tikiti ke zurarewa. In aka biya albashi da ragowar korona, wata uku an cinye, bashin ya sake taruwa, ba abin da za a nuna. Kuɗin nan da sunan marar lafiya aka karɓo shi.

Mu abin da muke roƙo shi ne ruwa.

A ƙofar kasuwa ta gabas akwai bokiti mai famfo, ɗaya daga cikin na 2020, a kan ƙafarsa ta ƙarfe. Watannin farko akwai yaron da aka sa yana cika shi, kowa ya wanke hannu kafin ya shiga. Da aka daina biyan kuɗin jarka, sai ya bushe. Yau mai tsire ne ke ajiye tsinkensa a ciki. An koya mana wanke hannu, mun koya, har yaran allo sun haddace waƙarsa, amma ba a bar mana abin wankewa ba. Ƙaramin asibitinmu kuwa, duk macen da za ta haihu, danginta ne ke biyo ta da jarka biyu a bayan moto. Ƙanwata ta haihu a can cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke narka kwalta. Ruwan da muka kai ya ƙare da tsakar dare, ungozomar ta fito da tocila tana tambayar wa ke da saura. Maƙwabciyar gadonta ce ta ba mu rabin nata. A wannan watan mata ke tafiya cikin busasshen mayo, wato kogi, suna tonon yashi da ƙwarya, su jira ruwa ya tsattsafo, shanu na sha a gefe.

Korona ta tafi, amma kwalara ba ta taɓa yi mana sallama ba. A 2022 ta shiga sansanin 'yan gudun hijira na Minawawo a jihar Arewa Mai Nisa, a shekarar da ambaliya ta ci Yagwa da Kusiri. Tsakaninmu da can tafiyar yini ce a mota, kuma motocin kullum suna tsayawa a tasharmu. Saboda haka in an haƙa foraj, wato rijiyar burtsatse, an ɗora masa tanki da injin hasken rana, aka ja famfo ɗaya zuwa asibiti ɗaya zuwa kasuwa, ba a karkatar da kuɗin lafiya ba. Aikin da bokitin nan ya fara ne aka ƙarasa.

Mun san kuɗin hukuma ba a juya shi da baki. Dokar ƙananan hukumomi ta 24 ga Disamba 2019 ta ba majalisar gari ikon tsara kasafinta, amma sai kansiloli sun zauna sun kaɗa ƙuri'a, takarda ta je teburin Firefe ya amince, a kira 'yan kwangila su yi takara, sannan ma'aji ya biya. Kason abokan hulɗa kuma sai an rubuta musu sun yarda a rubuce, in ba haka ba suna da ikon cewa a mayar musu da abinsu. Ba mu neman a tsallake ko mataki ɗaya. Tsoronmu jinkiri ne. Masu haƙa sun gaya mana foraj na gaskiya da rani ake haƙa shi, a Maris ko Afrilu, lokacin da ruwan ƙasa ya yi nisa. Wanda aka haƙa da damina yakan yaudari mutane, rani na zuwa ya ƙafe. In zaman kasafin ƙarshen shekarar nan ya wuce ba a sa maganar ba, mun yi asarar rani guda. Kalma ɗaya daga bakinka, ranka ya daɗe, tana sa takarda ta yi ƙafa.

Sai abu biyu ƙanana da dattawa suka ce kada in sauka ban faɗa ba. A rubuta adadin ragowar kuɗin da abin da za a yi da shi, a liƙa a ƙofar ofishin Magajin Gari da ƙofar kasuwa, da Faransanci da Fulatanci da Hausa, a karanta a masallatan Juma'a da coci-coci. Ba zargin kowa muke yi ba. Murmushin nan na mutumin kasuwa muke so a kashe. Na biyu, a cire wani abu daga ciki a koya wa samari biyu gyaran injin, a sayi kayan canji a ajiye. Kan hanyarka ta zuwa ka wuce famfuna nawa da suka mutu saboda ƙarfe ɗaya da bai fi tafin hannu ba? Mu ƙungiyar 'yan kasuwa mun ɗauki alkawarin karɓar 'yan kuɗi kaɗan a kan kowace jarka don asusun gyara, mata biyu a cikin masu riƙe littafin, tunda su ne masu ɗiban ruwan.

Duk wannan yana cikin takardar da Sarkin Hausawa zai miƙa maka yanzu, da sa hannun shugabannin layukan kasuwa da na ƙungiyar mata. Tare da ita akwai ɗan rago da ƙullin kilishi, tsarabar yara, a yi haƙuri da ƙanƙantarsa.

In za ka fita, ranka ya daɗe, hanyar Garwa ta ƙofar gabas take bi. Muna roƙon direba ya ɗan taka birki a wajen, minti biyu kawai. Mun gaya wa mai tsiren kada ya kwashe tsinkensa.

Allah ya maida kai gida lafiya, ya ba ƙasarmu Kamaru zaman lafiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.