Amsoshin Tambayoyinku: Kwaskwarimar Mota da Garantin Kamfani

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. Yau wasiƙun da suka taru sun karkata waje guda: mota, da irin ƙare-ƙaren da ake yi mata bayan ta bar hannun kamfanin da ya ƙera ta. Bari mu fara da wadda ta fi nauyi.

Wani Alhaji daga Kano ya rubuto cewa wata takwas ke nan da ya sayi mota sabuwa dal a wajen dila. Kuɗin fetur ya ishe shi, yana so ya mayar da ita mai amfani da iskar gas ta CNG, amma wani yaro a wajen dilan ya ce masa ranar da ya yi haka garantinsa ya mutu murus. Ya ce, shin gaskiya ne?

To Alhaji, Allah ya sanya alheri, ya tsare hanya. Yaron nan rabin gaskiya ya faɗa maka. Garanti alƙawari ne kamfani ya ɗauka cewa idan wani abu ya lalace saboda kuskurensu na ƙira, ko saboda rashin ingancin kayan da suka sa, za su gyara ba ko sisinka, har zuwa wani wa'adi. Wa'adin da aka fi gani a nan shekara 3 ne ko kilomita 100,000, duk wanda ya riga cika. Ba inshora ba ne. Idan ka faɗa rami, ko birki ya cinye, ko taya ta suɗe, wannan naka ne. Saboda haka ranar da ka kai mota da matsala, tambayar da za su yi guda ce: mene ne ya jawo wannan lalacewar, aikinmu ko hannun wani?

Matsalar gas ita ce ba a gefe yake tsayawa ba, cikin injin yake shiga. Mai aikin zai huda bututun da iska ke bi zuwa injin ya dasa nozul na gas, zai yanki wayoyin nozul ɗin fetur ya haɗa su da wata ƙaramar kwamfuta, zai jawo ruwan lagireto domin ɗumama na'urar da ke rage ƙarfin gas ɗin, sannan ya ɗaure tukunya mai nauyi a but, wadda ake cika ta da matsi mai ƙarfin gaske, har 200 a ma'aunin matsi na "bar". Ga shi gas busasshe ne, ba ya jiƙa bawul yadda fetur ke yi, don haka injin da ba a ƙera shi domin gas ba mazaunin bawul ɗinsa kan iya saurin cinyewa. In bayan wannan aiki injin ya fara ɓata wuta, ko gasket ya ƙone, kamfani zai nuna maka tukunyar ya ɗage kafaɗa, kuma da wuya ka kayar da su. Amma idan na'urar ɗaga gilashin ƙofa ce ta tsaya, ko fenti ya fara ɓarewa, ko rediyo ya mutu, me ya haɗa su da gas? A ƙa'ida waɗannan suna nan cikin alƙawari. Abin da kake sadaukarwa shi ne garantin injin da abin da ya rataya da shi, kuma kar mu yaudari juna, shi ne mafi tsada a jikin motar.

Ni a ganina, Alhaji, kafin a taɓa ko ƙusa ɗaya ka buɗe littafin garantin nan da ke cikin akwatin gaban mota, wanda yawancinmu ba mu taɓa cire ledarsa ba. Karanta inda aka jera abubuwan da ba sa ɗauka. Sannan ka rubuta wa dilan takarda, ka tambaye shi ko akwai wurin da suka amince a yi aikin, ya ba ka amsa a rubuce da hatimi. Fatar bakin yaron shago ba ta kare ka, ba ta kuma ɗaure ka. Bayan nan sai lissafi. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200, har ta haura 1,000 a ƙarshen 2024, don haka wanda ke yini a kan titi yana neman abinci da mota zai iya mayar da kuɗinsa da wuri, kasadar ta yi masa riba. Wanda tafiyarsa ba ta wuce gida, kasuwa da masallaci, gara ya haƙura wa'adin ya cika tukuna. Mai shirin sayen sabuwa kuwa, akwai motocin da ke fitowa da gas tun daga masana'anta, irin waɗanda Innoson ke haɗawa a Nnewi, su ba su da wannan rigimar. In kuma ka yanke shawarar yi, ka je cibiyar da hukuma ta tantance, ka karɓi garantin su ma a kan kayan da suka sa. A Oktoban 2024 wata mota ta yi bindiga a wajen shan gas a birnin Benin, aka ce tukunyar ta ƙirar gida ce, ta walda. Wannan ya wuce maganar garanti.

Wasiƙa ta biyu daga Amurka ta fito, daga wani ɗan'uwa da ke tuƙin haya a unguwar Bronx ta birnin New York. Ya ce ya canza rim, ya sa salansa mai ƙara, kuma juyen baƙin mai a garejin wani abokinsa yake yi. Dila ya tsorata shi cewa garantinsa ya tafi.

Ɗan'uwa, gaisuwa ga mutanen can. Kai kam doka na bayanka. Akwai dokar tarayya ta 1975 da ake kira Magnuson-Moss, sunan 'yan majalisa biyu da suka kawo ta, Warren Magnuson da John Moss. Ta hana kamfani ya ce sai ka yi amfani da kayansa ko garejinsa kafin ya cika alƙawari, sai fa idan kyauta yake ba ka su. Hukumar FTC, mai kula da harkar ciniki, ta bayyana cewa kamfani ne zai nuna kayan da ka sa su suka jawo lalacewar kafin ya ƙi gyara. Kuma ba a takarda kawai abin ya tsaya ba: a 2015 ta ja kunnen BMW kan motocin MINI, a 2022 ta yi wa Harley-Davidson mai babura haka. Juyen mai a wajen abokinka ba laifi, muddin irin man da littafi ya faɗa ne kuma kana ajiye rasit mai kwanan wata da adadin mil. Rim ɗin kuwa, in ya fi na asali girma da nauyi sannan boris ko shokozoba ya mutu, suna da bakin magana, amma a kan wannan kaɗai. Abu ɗaya nake so ka kiyaye: kada wani ya ruɗe ka da sauya manhajar ƙwaƙwalwar mota don ƙarin gudu. Ko an mayar da ita yadda take, na'urar dila kan gano an taɓa, kuma wannan kai tsaye injin da giya yake cirewa daga alƙawari.

Masu sauraro na gida, kada ku ɗauki wannan amsa ku tafi da ita wajen dila a Kaduna. Dokar Amurka iyakarta Amurka.

Wannan ya kawo mu ga wani malami daga Maraɗi. Ya ce ya sayi mota da aka shigo da ita ta Kwatano, shekararta 2 kacal da ƙira, ba ta yi tafiya mai yawa ba. Yana so ya ɗaga ta ya sa manyan tayoyi saboda yashi, amma yana tsoron ɓata garanti.

Malam, garantin da kake tsoron ɓatawa kusan tabbas bai hau jirgin ruwa tare da motar ba. Kamfanoni kan ɗaure alƙawarinsu da yankin da aka sayar da mota, dilan Yamai ko na Abuja ba zai karɓi ta Amurka ko ta Beljiyam ya gyara kyauta ba. Ƙari a kan haka, da yawan motocin nan daga gwanjon waɗanda suka yi haɗari ake sayo su, kuma wadda inshora ta riga ta yafe, kamfani ma yakan zare hannunsa daga kanta tun a can. Ɗaga motarka in kana so, sai dai ka sani aljihunka ne garantin. Kuma ɗagawa fiye da kima tana sa mota saurin kifewa a kwana.

Sai wata Hajiya daga Kaduna. Ta sa wa sabuwar motarta na'urar bin sawu saboda ɓarayi, ta kuma cire rediyon asali ta sa babban allo. Yanzu batir na mutuwa cikin dare, fitilu na kamawa a gaban direba, dila ya ce ba ruwansa.

Hajiya, sannu da haƙuri. Ban ga laifinki ba da kika nemi tsare dukiyarki, amma ina jin dilan yana da hujja a nan. Motar zamani kwamfutoci ne birjik a cikinta suna magana da juna ta wasu siraran wayoyi. Idan mai wayarin ya feɗe waya ya murɗa tasa a kai ya naɗe da salatif, ko ya jawo wuta daga layin da ba ya mutuwa in an kashe mota, to kwamfutocin ba za su yi barci ba, su kwana suna shan batir. Ki sa a cire na'urorin biyu, a mayar da wayoyin yadda suke, a gwada kwana biyu. In matsalar ta tafi, wanda ya yi aikin za ki nema. In tana nan, ki koma wajen dila ki ce ya rubuta miki dalilin ƙin gyaran, ya faɗi takamaiman abin da ya lalace da yadda na'urarki ta lalata shi. Da yawa daga nan suke sassautowa. In ya ƙi, ki tura ƙorafi ga uwar kamfanin, sannan ga hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye, wadda dokar 2018 ta kafa. Ki haɗa da rasit, da littafin sabis, da hotuna. Kuma ko da wutar motar ta fita daga alƙawari, giya da injin ba su bi ta ba, kada a haɗa miki duka a dunƙule.

Wani direban ma'aikata daga Gusau ya ce bakanikensa ya ba shi shawarar a cire tamostat, a haɗa fanka kai tsaye, a kuma fasa abin nan mai tace hayaƙi na cikin salansa da ake kira indomi, wai duk don ƙasar sanyi aka yi su. Motar kuwa ba ta shekara ba.

Direba, don Allah kada ka bari. Wannan shi ne gyaran gangar Auzinawa. Tamostat ba na ƙasar sanyi ba ne, aikinsa ya riƙe injin a zafin da aka ƙera shi ya yi aiki, wajen maki 80 zuwa 90. In ka cire shi injin zai daɗe bai ɗau zafi ba, kwamfuta ta yi ta ƙara fetur, man ya wanke jikin silinda ya gangara cikin baƙin mai, zobban fistin su cinye kafin lokaci. In mota na zafi, lagireto za a duba, da famfon ruwa, da murfi. Indomi kuwa, akwai ƙarafa masu daraja a cikinsa, filatinam da faladiyam da rodiyam, kuma yana da kasuwa. Ban ce kowane bakanike ba, amma ka tambayi mai ba ka shawarar ina zai kai wanda ya ciro. Su kuwa injiniyoyin kamfani, waɗannan wurare biyu suna cikin na farko da za su leƙa in ka kawo injin da ya buga. Ga shi motar ba taka ba ce, kai za a tuhuma a ofis.

Ta ƙarshe gajeriya ce, daga wata ɗaliba a Zariya, kan motar mahaifinta: tinta a gilashi, rigar kujera, da shimfiɗar ƙasa. 'Yata, waɗannan ba sa taɓa garantin injin ko giya. Abu biyu dai: in kujerun gaba suna da jakar iska a gefe, a nemi rigar da aka bar mata mafita, kada ɗinki ya danne ta ranar haɗari. Tinta kuma, mai liƙawa ya yi hankali da siraran layukan gilashin baya kada reza ta yanke su, sannan ki tuna wa Baba maganar takardar izinin 'yan sanda.