Libraliyya iri biyu ce, ga inda suka rabu

[Hoto: kasuwar amfanin gona ta Gadarif, buhunan dawa da riɗi]

Salamu alaikum 'yan uwa. Satin nan musu ya ƙi ƙarewa a guruf ɗinmu na WhatsApp, wani ya ce ɗan libraliyya, wato mai aƙidar fifita 'yancin mutum, shi ne mai cewa hukuma ta cire hannunta daga komai, wani ya ce ina, ai shi ne mai son hukuma ta biya wa kowa makaranta da asibiti. To kowa da gaskiyarsa, gida ɗaya ne ɗaki biyu.

[Hoto: John Locke, Adam Smith]

Tsofaffin gidan, su Locke a 1689 da Smith a 1776, masanan Birtaniya, cewa suka yi ranka da 'yancinka da dukiyarka naka ne, babban aikin hukuma shi ne gadinsu. Wannan kowa ya gane, mu wuce.

[Hoto: manomi a bakin shagon ɗan kasuwa, ana ruwa]

Nan nake so mu tsaya. Kun san shel. Damina ta yi tsakiya, rumbu wayam, yara na kuka, sai manomi ya je wa tajiri ya sayar masa da dawar da ko kai ba ta fidda ba, a farashin da shi kansa ya san an kwantar masa. Tambayar ita ce, mutumin nan da 'yancinsa ya yi cinikin?

Tsohon ɗaki zai ce ƙwarai, wa ya ɗora masa bindiga? Da ƙafarsa ya je da bakinsa ya ce na sallama, aikin alƙali shi ne ya tabbatar an cika alkawari. A wurinsu kana da 'yanci muddin ba hannun wani a wuyanka.

Sabon ɗaki ya ce a'a. T. H. Green, malami a Oxford, a laccarsa ta 1881 ya kawo maganar manoman Ailan masu hayar gona, ya ce wanda ba shi da wata hanyar ci in ya sa hannu a takarda, sunan yarjejeniya kawai aka yi. A wurinsu yunwa da jahilci da cuta su ma mari ne a ƙafa, shi ya sa suka yarda hukuma ta shigo da makaranta da dokar ƙwadago. Kun ga ashe duka biyun mutum ɗaya suke karewa, abin da ke ɗaure shi ne suka saɓa a kai.

[Hoto: Roosevelt 1933, layin masu neman aiki]

Amurka ta bi sabon ɗaki zamanin shugaba Roosevelt, har kalmar libraliyya ta koma nufin 'yan sabon ɗakin a can.

Su Hayek, masanin tattalin arziki ɗan tsohon ɗaki, kuma suka ja kunne, hukumar da ta ciyar da kai gobe za ta iya zaɓa maka komai, kuma wallahi mu nan Sudan ba ma raina wannan tsoron. Amma ni dai na taɓa tsayawa a gona ranar da tajiri ya zo da lori kwasar dawar shel, manomin da kansa yake ɗora buhunan yana shiru, kuma har yau bakina ya kasa kiran abin da na gani cinikin yarda.