Bin Salsala Daga Amurka Zuwa Ingila: Laccar Da Aka Ɗauka A Faifai

Assalamu alaikum jama'a. Na baya kuna ji na? Yauwa. Abu uku zan kawo muku kan yadda mutumin Amurka ke bin salsalarsa har ya gano ƙauyen kakanninsa a Ingila.

Na farko rajistar coci. A 1538 Thomas Cromwell, na hannun daman Sarki Henry na 8, ya ba da umarni kowace coci ta riƙa rubuta wanda aka yi wa baftisma, da wanda ya yi aure, da wanda aka binne. Gwamnati kanta ba ta fara rajistar haihuwa ba sai 1837, to kun ga wanda kakansa ya ƙetare teku tun 1600 da ɗoriya ai littafin coci ne gatansa.

Amma fa akwai tarko, kuma nan nake so ku tsaya da ni. Takwara! Turawan nan kamar mu suke, jika ya ci sunan kaka, a ƙauye ɗaya sai ka samu John biyar, kamar ka shiga unguwa ka ƙwala kiran Muhammadu rabin layi su waiwayo. George Washington kansa, shugaban Amurka na farko, da wani jami'in fadar Ingila ya tambaye shi asalinsa, a 1792 ya amsa cewa shi bai cika mai da hankali kan lamarin ba. Abin da aka sani dai kakan mahaifinsa, John Washington, ya sauka Bajiniya a Amurka wajen 1657, jirgin da ya ɗauko taba ya kafe a kogin Potomac, shi kuma ya yi zamansa ya auri 'yar wani mai gonaki, Anne Pope, surukin ya ba su fili eka 700. To amma wane John ne? Shekara da shekaru ana liƙa shi jikin wani John Washington daban, sunan ɗaya, dangin ɗaya, amma ba shi ba ne. Ba shi ba ne fa! Sai 1889 wani mai bincike Henry Waters ya tono tsohuwar takardar wasiyya, ita ta nuna ashe ɗan wani limamin coci ne, Lawrence, wanda aka kora daga cocinsa ta Purleigh a 1643 lokacin yaƙin basasa saboda yana bayan sarki. Daga nan zaren ya tafi har gidansu na Sulgrave, wanda wani ɗan kasuwar ulu cikin kakanninsu ya saya wajen 1539, gidan yana nan har yau ana zuwa kallo. Wallahi wannan labarin yana taɓa ni, takarda guda ta warware abin da ya gagari mutane kusan shekara ɗari. Shi ya sa nake maimaitawa, suna kaɗai ba hujja ba ne, a nemo wasiyya, ita ke faɗin wane ɗan wane.

Na biyu... ko na uku muke? To, jerin fasinjojin jirgi, misali jirgin Mayflower da ya taso daga Ingila zuwa Amurka a 1620, mutum 102 ya ɗauko. Sai ƙidaya, ta Amurka ta 1890 gobara ta cinye yawancinta a 1921, akwai giɓi a wurin.

Na'am Hajiya? Ƙara ɗaga murya. Tana tambaya, baƙaƙen fatar da aka kwashe daga nan Afirka ta Yamma fa?

Hajiya kin taɓo inda ke ciwo. Su ba su da littafin coci a wancan ƙetaren, jiragen da suka kwaso su yawanci adadi suke rubutawa kamar kaya. Ƙidayar bayi ta 1850 da 1860 sunan ubangida take sakawa, bawa kuwa shekarunsa da jinsi da launin fata kawai, sai 1870 aka rubuta yawancinsu da sunayensu. Shi Washington ɗin da muka bi zuriyarsa har Sulgrave, a 1799 mutum 317 ke bauta a gonarsa ta Mount Vernon, ya jera su a takarda da suna ɗaya ɗaya ba sunan uba. Jikokinsu da wannan takardar suke fara nema. Lokaci ya ƙure? To a ƙara min minti biyu, Malam na can ma ya ɗaga hannu.